Ranar da Dokar Mausi Jagtarini Ta Kama Ta

Jagtarini Devi ba ta taɓa zama a aji ba. Har yau idan na miƙa mata littafin taro, babban yatsa take dangwalawa a tawada. Amma shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa abinci a gidan Pandit Shobhakant Jha, kuma abin da ya raba murhunta da rumfar da yake koyar da ilimin hujja dangan gora ne kawai, mai huji ta ko'ina. Mijinta ya rasu tana da shekara ashirin da uku, ya bar ta da 'ya ɗaya. Matar Pandit, 'yar'uwarta ta nesa, ita ta ɗauko ta. Yaran gidan suka riƙa ce mata Mausi, wato ƙanwar uwa, daga nan duk ƙauyen Kusumdih ya ɗauka, har waɗanda suka girme ta.

Ni ne akawun majalisar ƙauyen tun 1998, Munshi-ji suke ce mini, saboda haka yawancin abin da zan faɗa yana rubuce, da rana da sa'a. Wanda ba ya rubuce, daga bakinta na ji shi.

Ta ce da farko ta ɗauka ɗaliban nan ba su da aikin yi. "Ƙatti goma sha biyu, Munshi-ji, tun safe har shinkafa ta huce, suna musu a kan yadda mutum zai tabbatar akwai wuta in hayaƙi kawai ya hango. Ni da hayaƙin ke shiga idona, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni."

A hankali ta lura da abu ɗaya. Pandit ba ya barin ɗalibi ya karya maganar ɗan'uwansa sai ya fara maimaita ta da bakinsa, tsaf, har mai maganar ya ce haka ne. Wanda ya gwada sau uku bai samu ba, sai ya zauna, an kayar da shi ke nan ko da gaskiya tana wajensa. Ɗaliban suna ce wa abin purvapaksha. Ita sunan bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, sau da yawa ɗalibi yakan tashi yana kumfar baki, kafin ya gama maimaita maganar wancan sai muryarsa ta sauka, ka ji ya ce, "To, ai wuri ɗaya kawai muka saɓa."

Pandit ya rasu, ɗalibai suka watse, 'yarta ta yi aure a Darbhanga. A 2006 aka ware wa mata rabin kujerun majalisun ƙauyuka, sai mazan unguwa ta huɗu suka zauna suka tsayar da Mausi. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: ta manyanta, ba miji, ba karatu, za ta zauna a gefe ta dangwala yatsa.

Ga abin da littafina ya nuna na shekara biyu kafin zuwanta: taro goma sha huɗu, tara sun watse ba a yanke komai ba, benci uku sun karye, an yi jifa da takalmi sau ɗaya. Ba ni aka nufa ba, amma ni ya samu. Mu mutanen yankin Mithila muna son musu kamar yadda muke son kifi, kuma kowa a cikinmu jikan masana yake jin kansa, har wanda kakansa bai taɓa riƙe littafi ba.

Taro biyu ta yi ba ta ce uffan ba. A na uku ana rigimar magudanar ruwa, mutum shida suna magana a lokaci ɗaya, sai ta ƙwanƙwasa sandarta a bencin Mukhiya Ramashish Yadav, shugaban majalisa.

"Ramashish, me mutumin can ya ce yanzu?"

"Mausi, ki bari mu gama tukuna."

"Ba hana ka na yi ba. Cewa na yi me ya ce. Minti goma kana ba shi amsa, ai ka ji tambayar."

Mukhiya ya buɗe baki, ya dube ni. Na duba littafi. Abin da na rubuta a wurin kalma ɗaya ce: hayaniya.

"Na san ka tun kana yawo ba wando," in ji ta. "Tun lokacin kunnuwan nan manya ne. Ban san ranar da suka koma kayan ado ba."

Aka kwashe da dariya, kuma cikin dariyar nan dokar Pandit ta shigo majalisa. Ba ka mayar da martani sai ka maimaita maganar mutum ya ce haka ne. Ka kasa sau uku, bakinka ya rufe sai taro na gaba.

Ba a yi wata uku ba mutanenmu suka gano hanyoyin cuta, ita kuma ta riƙa toshe su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu ƙin cewa haka ne. A maimaita wa mutum maganarsa kalma-kalma, ya murɗe baki ya ce ba haka yake nufi ba, don kawai wancan ya ƙone damarsa uku. Mausi ta ce duk wanda ya ce ba haka ba, sai ya faɗi abin da aka bari a baya, in ya kasa an ɗauka ya yarda. Sai masu kwaikwayo: mutum ya maimaita maganarka daidai, amma da muryarka, har da tarinka da yadda kake sosa wuya, jama'a na riƙe ciki. Ta ce daga yau mai maimaitawa ya taso ya zauna a tabarmar mai magana, gwiwa da gwiwa. Da wuya ka kwaikwayi tarin mutum kana jin numfashinsa a fuskarka.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Masta Kameshwar Mishra, tsohon shugaban makarantar firamare. Shi ba ya rage maganar mutum, ƙara mata yake yi. Wani manomi ya ce akuyar maƙwabci na ci masa shuka. Masta ya zauna a tabarmarsa ya yi minti ashirin da biyu yana maimaitawa, da tarihin noma, da haƙƙin talaka, da baitocin Sanskrit, harshen tsofaffin littattafai. Manomin ya saki baki. Da aka tambaye shi ko haka ne, sai ya ce, "Wane ni in ce ba haka ba?" Masta ya juya ya rushe ginin da shi da kansa ya gina.

"Masta-ji," in ji Mausi, "akuya ya kawo maka. Ka mayar da ita giwa, ka kashe giwar, sannunka. Ina akuyar?"

Daga ranar, sai mai magana ya iya sake faɗin abin da aka maimaita masa da nasa bakin kafin a karɓa.

A farkon kowane taro kuma takan tuna mana cewa Pandit ya ce musu iri uku ne: na neman gaskiya, na neman kayar da mutum, da na wanda ba shi da tasa maganar sai rushe ta wani. "Masu na biyu da na uku," takan ce, "shagon shayi na buɗe." Wasu kan tashi su tafi da gaske, su dawo bayan kofi biyu. Daga 2007 zuwa 2010 an yi taro ashirin da uku, an yanke hukunci a goma sha tara, benci bai karye ba. Sai dai taron da a dā yake watsewa cikin minti arba'in ya koma awa uku. Na fara zuwa da abincin rana.

Maganar babban tafki ta taso a farkon 2011. Dukhan Sahni, dattijon masuntan ƙauyen, ya nemi a bar su su shuka makhana a ciki, wani tsiron ruwa da ake cin ƙwayarsa. Makhana in ta kama tafki sai ta rufe shi da ganye mai faɗin faifai, ƙaya sama ƙaya ƙasa. Bayan an nutsa an kwashe 'ya'yanta daga ƙasan ruwa, ƙayar takan zauna cikin taɓo.

Nan ne abin ya taɓa Mausi. Lokacin da 'yarta take shekara huɗu, zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Mausi ta yi alkawarin in yarinyar ta tashi, duk bikin Chhath za ta tsaya cikin wannan tafkin, ruwa har ƙugu, ƙafa ba takalmi, da kwandon 'ya'yan itace a hannu, ta gai da Rana a faɗuwarta da fitowarta. Shekara talatin da bakwai ba ta fasa ba. In aka shuka makhana, a kan ƙaya za ta tsaya, ita da mata kusan tamanin.

Aka zauna taron dukan ƙauye ranar Lahadi, shida ga Fabrairu, a gindin mangwaro. Tun da ita ce mai adawa, ta miƙa wa Mukhiya sandarta ya kula da dokar.

Dukhan ba gwanin magana ba ne. Ya yi minti tara. Ya fara da ciwon bayansa, ya koma kan 'ya'yansa uku da ke Punjab suna girbe gonakin wasu, ya ambaci kainuwa, ya ambaci makhana, ya dawo kan bayansa, ya zauna.

Mausi ta tashi. A iya sanina ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da masunci ba, don ita Brahmin ce, zuriyar malamai da ake ɗauka sama da kowa, kuma kowa a wurin ya san haka. Ta tattara bakin zanenta ta zauna, gwiwa da gwiwa.

"Ka ce makhana na da tsada a kasuwa, kuna son ku samu rabonku."

"Ba haka ba, Mausi. Ban ambaci kasuwa ba."

Mukhiya ya dube ni. Na duba: babu kasuwa.

"Me na bari?"

"Kin bar bayana."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"To. Ka ce bayanka na ciwo, ka tsufa, kana neman aiki mai sauƙi."

Wannan karon masunta ne suka fashe da dariya, har wani ya kwanta. Kwasar makhana nutso ne cikin ƙaya tun safe har la'asar.

"Sauƙi, Mausi? Ki zo mu ba ki kwando. Kin bar kainuwa."

Na ga tana lissafi da yatsu a cikin zane.

"Ka ce kainuwa na damun tafki, gara a sa makhana ta kore ta."

Dukhan ya sosa ƙeya. Da alama bai so ya faɗa ba. "Kin kawo su duka, Mausi, bayan da kainuwar da makhanar. Amma kin bar yarana, kuma kin bar abin da ya haɗa su."

Mukhiya ya juya sandar a hannunsa kamar tana ƙona shi.

"Mausi, ko a ƙara miki ɗaya? Ke ce fa kika…"

Masta Kameshwar ya miƙe, ya fara bayanin cewa magabata sun yarda a sassauta wa mai kafa doka. Ba ta ko kalle shi ba.

"Munshi-ji, sau nawa?"

"Uku, Mausi."

"Rubuta."

Na rubuta. Ta koma wurinta ta zauna, leɓe a matse. Mukhiya ya tambaya ko wani zai gwada a madadinta. Bayan abin da aka gani, ba wanda ya motsa, sai aka ɗage maganar zuwa mako biyu.

Ranar Talata da safe ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta ce in ɗauko littafi mu je unguwar masunta. Kusan shekara arba'in tana ƙauyen, ba ta taɓa wuce rijiyar da ke bakin unguwar ba. Dukhan ya tafi kogi. Muka tarar da matarsa Phulmati tana ɗinke koma. Mausi ta sa na karanta maganar Dukhan ta minti taran nan da ƙarfi, sau biyu.

"Ke, Phulmati, me ya haɗa bayan mijinki da kainuwa?"

Phulmati ta ajiye allura. "Mausi, ke da kike shiga ruwan nan duk shekara, wa kike tsammanin yake share shi?"

"Share shi kuma? Ai sanyi ne ke kashe kainuwa."

"Wane sanyi a watan Kartik, lokacin biki? Maza ne. Kwana goma kafin biki suke shiga da kwalekwale su janye ta, tun zamanin kakan Dukhan. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su."

"Tulin da nake gani a bakin tafki fa? Na ɗauka taki kuke ɗiba."

"Taki! A wace gonar za mu zuba?"

Ta ce a dā mutum talatin ke shiga. Bara biyar ne, ƙaraminsu yana da shekara hamsin da biyu, don a lokacin samari duk suna Punjab. Bana Dukhan ba zai iya ba. Girbin makhana kuwa yana kaiwa dab da biki, in akwai shi samari za su tsaya gida. In babu, ba ƙaya za ta tarar a tafkin ba, kainuwa za ta tarar har wuya.

"To me ya hana shi faɗa a fili? Sai zagaye-zagaye, bayana, bayana."

"Ya tsaya gaban taro ya ce wa Brahmin ku gode mana? Ai gara ya faɗa bakin kada."

A hanyar dawowa, da muka wuce rijiya, Mausi ta juyo. "Shekara talatin da bakwai," ta ce. "Kai ma da littafinka ba ka sani ba." Gaskiya ne. Na bincika tun daga 1998, babu layi ɗaya a kan sharar tafki.

Ranar ashirin ga wata aka sake zama. Ta koma tabarmar Dukhan, wannan karon ba ta tattara zane ba.

"Ka ce ruwan da nake tsayawa a ciki ku kuke share shi, ba mu taɓa tambaya ba. Ka ce hannuwan da ke sharewa sun ƙare, naka bayan ma ya gaji. Ka ce makhana ba don ta kori kainuwa ba ce, don ta riƙe yaranku ne a gida, su kuma su kori kainuwar. Haka ne?"

Dukhan ya kalli ƙasa, ya ja hanci. "Haka ne, Mausi."

Jama'a suka fara tafi, a zatonsu an gama. Ta ɗaga hannu.

"Na ji ka, na gane, kuma ban yarda ba."

Ta ce kunyarmu ce mu bar unguwa ɗaya da aikin kowa, amma maganin kunya ba ƙaya ba ce. Kowace unguwa ta ba da maza goma a share tafki, a bar ruwa yadda yake.

Dukhan ya maimaita nata a karo ɗaya. "Kin ce alkawarinki da wannan ruwan kika yi shi, ba da wani ba. Kin ce ba ke kaɗai ba ce, mata tamanin ne, wasu da ciki, wasu da sanda, matata ma tana ciki. Kin ce aikin na kowa ne, kowa ya shiga."

"Haka ne."

"To madalla," in ji Dukhan. "Masta-ji, kwando nawa za ka iya ɗauka?"

Masta ya ɗaga kai yana duba ko mangwaro ya fara fure. Mukhiya ya ce duk wanda zai shiga taɓo kwana goma ya ɗaga hannu. Hannu uku na ƙirga daga wajen unguwar masunta, ɗaya na wani tsoho ne mai shekara tamanin da bai ji tambayar ba.

Aka kaɗa ƙuri'a. Makhana arba'in da ɗaya, Mausi talatin da uku. Ta dangwala yatsa da ƙarfin da tawadar ta ratsa shafi biyu.

Wata takwas ba abin da ke haɗa ta da Dukhan sai gaisuwa. 'Yarta ta aiko cewa ta zo Darbhanga ta yi biki a can, tafkinsu har da matakalar siminti. Ta ce a gaya mata ba da tafkin Darbhanga ta yi alkawari ba, za ta shiga nata ko da ƙafar za ta koma rariya. Biyu daga cikin 'ya'yan Dukhan suka dawo da damina, da wasu samarin unguwar.

Saura mako ɗaya biki, an gama girbi, na bi ta bakin tafki. Na ga masunta maza goma sha tara a jere daidai inda mata ke shiga, kafaɗa da kafaɗa, ruwa har ƙirji, suna kwasar taɓo da kwanduna suna tacewa. Kwana huɗu suka yi. Majalisa ba ta yanke wannan ba, saboda haka ba shi da gurbi a littafi. Da fensir na sa shi a gefen shafi.

Da yammacin biki Mausi ta shiga ruwa ta tsaya har Rana ta faɗi. Da safe ta sake shiga. Da ta fito sai na ga tana ɗingishi. Ta ratsa jama'a da kwandonta, ta nufi inda Dukhan yake tsaye, ta ɗaga wani ɗan abu tsakanin yatsu biyu har kusa da hancinsa.

"Wannan mene ne?"

"Ƙaya ce, Mausi."

"Maza goma sha tara, kwana huɗu."

"Ƙafa ɗari da sittin suka shiga, taki ta zaɓa. Ta san wanda bai ba ta ƙuri'a ba."

"Kwandunanku ne masu manyan ido. Baɗi ku nemi matsattsu." Ta zaro gurasar alkama mai zaƙi daga cikin kwandon, guda huɗu, ta danna masa a hannu. "Ka ba yaran. Kuma kada ka ɗauka na haƙura, a Fabrairu zan sake kawo maganar."

"Ki kawo, Mausi. Tabarmar tana nan."

Ta kawo ta a 2012, ta faɗi da ƙuri'a tara. A 2013 da shida. A duka shekarun biyu ta tsaya cikin ruwanta, ƙaya ba ta same ta ba, ta ce wannan ba hujja ba ce.